Ƙarfin Tashar Hasken Rana da Abin da Ta Ke Bayarwa



Yau zancenmu a kan tashar lantarki ta hasken rana ne, wadda a ke kira sola. Sau da yawa wuta ta kan ɗauke da tsakar dare, sai mutane su ce an cuce su. To, kafin mu zargi kowa, mu yi lissafi tukuna.

Ƙarfin tasha dabam, abin da ta ke bayarwa dabam. Kamar gona ne. Faɗin gona ba shi ne yawan dammuna ba, sai damina ta yi kyau.

Da wat a ke auna ƙarfin lantarki. Wat 1,000 shi ne kilowat 1. A ce garinku yana da faranti 40, kowane ɗaya wat 250. Ƙarfin tashar kilowat 10 ke nan. Kilowat 1 in ya yi aiki awa 1, shi ne yunit 1 da ku ke gani a mita.

A ƙasarmu rana mai ƙarfi sosai ba ta wuce kamar awa 5 ko 6 a yini. Mu ɗauki 5. Sau 10, yunit 50 ke nan. Zafi da ƙura da waya da batir su kan ci nasu rabo, ya rage kamar 40. Ranar hadari ko hazo kuwa bai kai haka ba. Ko babbar tashar Kumbotso ta Kano, mai kilowat 10,000, wadda aka buɗe a 2023, farantanta ba su ba da kome da dare.

Yanzu ku dubi wannan. Ƙwai mai wat 10, in ya kama awa 5, ƙwai 20 ne za su ci yunit 1. Dutsen guga mai wat 1,000 kuwa, a awa 1 ya cinye shi. Watau mutum ɗaya ya sa ɗaki 20 cikin duhu.

Saboda haka a yi guga da niƙa da rana tsaka. Batir rumbu ne, a bar shi don dare. A riƙa share ƙurar faranti da sassafe. Kowa kuma ya koyi karanta mitarsa da kansa, kada wani ya karanta masa.

Allah ya ba mu ikon kiyayewa, amin.