Dankali: Noma Da Ajiya

Yau zancenmu a kan dankali ne.

Dankali iri biyu ne, dukansu asalinsu daga nahiyar Amurka. Akwai dankalin Turawa, mai son sanyi, shi ya sa a ƙasar Jos aka fi noma shi. Akwai kuma na Hausa, mai zaƙi, wanda muke nomawa nan Wudil, a tudu da fadamun bakin kogi. Shi za mu duba.

Yaɗonsa ake yanka, tsawon kamu ɗaya, a dasa a kan kunya in damina ta zauna. Cikin wata 3 zuwa 4 ya nuna. In kun ga kunya ta tsage, ku rufe da ƙasa, gama ta nan ƙwaro ke shiga, ya huda dankali, ya sa shi ɗaci.

To, yawancin hasara bayan haƙa take zuwa. Da kaka kowa sai ya kwashe nasa ya kai kasuwa ran Jumma'a, ya sayar da arha, don tsoron ruɓewa. Da bazara kuwa, ga yunwa, babu ko ɗaya a gida.

Ga maganin wannan. Ku haƙa a hankali, kada fartanya ta sare shi. Wanda ya ji ciwo a fara ci da shi. Lafiyayye a bar shi a inuwa ya sha iska. Sa'an nan a haƙa rami inda ruwa ba ya kwanciya, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a jera dankali, a bi shi da busasshen yashi, a rufe. A riƙa dubawa, ana fid da wanda ya ruɓe.

Mata kuma su yayyanka wani, su shanya ya bushe sarai. Shi ake niƙawa a kunun zaƙi. Ganyen kuwa abincin awaki ne.

A shekarar 2012 cibiyar binciken doya da rogo ta Umudike ta fid da irin dankali mai jan ciki. Yana da amfani ga idon yara. Ku tambayi malamin gona.

Tun da kun iya rubutu, kowa ya rubuta ranar da ya dasa, don ya san lokacin haƙa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.