Zaɓen Suna Ga Jariri: A Duba Gida, A Duba Gaba

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a garin Warra, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski.

Suna shi ne kyauta ta farko da uba yake yi wa ɗansa. Ragon suna yakan ƙare cikin 'yan kwanaki, amma suna yana nan har kabari. Saboda haka bai kamata a bari sai daren suna, wanzami na wasa aska, sannan a fara gardama ba.

Abu na farko shi ne ma'ana. Addinin Musulunci ya hori iyaye da sa wa 'ya'ya suna mai kyau, kuma hadisi ya nuna fifikon Abdullahi da Abdurrahman. Wanda bai san ma'anar suna ba, ya tambayi malami kafin a yi huɗuba.

Na biyu, a dubi yayyen jariri. Kakanni sun bar tsari a kan wannan. Tagwaye su ne Hassan da Husaini, ko Hassana da Husaina, mai bi musu kuma Gambo. Namijin da ya zo bayan mata shi ne Tanko, macen da ta zo bayan maza ita ce Kande. Magidancin da yake son duk 'ya'yansa maza su ci sunan Muhammadu yakan jera su: Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Ashiru. Waɗannan ƙirga ne na Larabci, daga ɗaya zuwa goma. Da jin sunan yaro an san matsayinsa a gidan.

Na uku, asali. Masarautar Yawuri ta ba da misali. An yi Sarki Abdullahi Abarshi, aka yi Sarki Abdullahi wanda ya yi mulki daga 1923 zuwa 1955, kuma sunan bai bar gidan ba. Talaka ma yana da irin wannan gado. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye gungaye da garuruwa da yawa, dubban mutane suka koma sababbin matsugunai. Gidajen kakanni suna ƙarƙashin ruwa, amma sunayensu na nan a bakin jikoki. Bagunge ko Bakambare ko Basarke da ya mayar da sunan mahaifinsa ya raya shi ne.

Sai dai a nan rigima take tasowa. Dangin uba na son nasu, dangin uwa na son nasu. Maganin abin shi ne shawara tun ciki bai tsufa ba: wannan haihuwa a yi wa wannan ɓangare takwara, ta gaba a yi wa wancan.

Akwai kuma batun alkunya. Uwa ba za ta kira sunan surukinta ba, sai yaro ya koma Abba ko Baba, yarinya ta koma Ummi. Wannan tarbiyya ce mai kyau. Amma ranar shiga makaranta sai a rubuta Abba, a asibiti a rubuta Usman, wajen jarrabawa a rubuta Shehu. Yaro ɗaya, sunaye uku. Ran da ya je neman gurbin karatu ko aiki, takardu suka saɓa, sai zirga-zirgar kotu da kashe kuɗin rantsuwa.

Don haka bayan suna, uba ya tafi wurin jami'in Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ya karɓi takardar haihuwa. Dokar 1992 ta wajabta rajistar kowace haihuwa. A rubuta sunan yanka, sannan sunan uba, da haruffa iri ɗaya a kowace takarda. Ga amfanin ajin nan: uban da ya iya karatu zai duba da idonsa kafin ya bar ofis.

Allah ya raya mana zuri'a, ya sa su gaji masu sunayensu da alheri. Amin.