Birnin Zazzau Da Guminku Yake Tsaye

Jama'a, iyayenmu da 'yan'uwanmu manoma. Wanda ya iya karatu ya ɗaga murya don na gefe su ji.

Yau maganar birnin Zariya za mu yi, watau cikin ganuwa, ban da Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Zariya tana da mutum fiye da 400,000. To, su wa ke zaune a birnin? Akwai Hausawa, jikokin waɗanda suka gina ganuwar da ake dangantawa da Sarauniya Amina. Akwai waɗanda suka zo da jihadi, har aka sami gidajen sarauta huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Sunayen nan kaɗai sun isa su nuna muku gari ne da ya saba karɓar baƙo.

Mene ne abin yinsu? Ku shiga lungu ku gani. Ga maɗinka a zaure sun duƙufa kan aikin babbar riga, ga maƙera, ga dukawa, ga mahauta. Ga malamai da almajiransu a Unguwar Juma da Kona. Mata suna cikin gida suna ɗinkin hula, suna matsar man gyaɗa. Babban masallacin Juma'a ma, magini ne ya ɗaga shi da ƙasa, Babban Gwani Muhammadu Durugu, zamanin Sarki Abdulkarim.

Amma fa jama'a, ba wanda zai zare allura da yunwa. Dawar da birni ke ci, da gyaɗa, da fatar da baduku ke yanka, daga wajenku suke shiga ta Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana. In damina ta yi muku kyau, maɗinki ya sami mai sayen rigar Salla. In ta ɓaci, shi ma ya ji a jikinsa. Kun dai ga abin da ya sami auduga. An buɗe Masaƙar Kaduna a 1957, ta rufe a 2002, sauran masaƙu suka bi sahu. Manomi ya rasa kasuwa, ɗan birni ya rasa aiki. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tun 1962, amma yara nawa suka gama karatu suka koma acaɓa?

Saboda haka duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku zaunar da shi ku tambaye shi. Yaushe taki zai iso, kafin shuka ko bayan girbi? Wa zai gyara hanyar da za ta kai amfanin gona birni? Ina maganar ruwan sha? Ina za mu kai audugarmu? In ya amsa da sabulu da gishiri, ku tuna sabulu kwana nawa yake yi, mulki kuwa shekara 4 ne.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar zaɓe ku fito da katinku, maza da mata. Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.