Jawabi ga dattawan zongo kan allura da reza da ake zubarwa a bola

Malamai, sarakuna, iyayenmu mata, Allah ya saka da alheri da kuka amsa kira.

Maganar da ta tara mu ta shara ce, amma irin wadda ke ɗauke da cuta. Yanzu a gidajen Nima da Mamobi akwai masu ciwon sukari da ke yi wa kansu allurar insulin. Ga rezar wanzami bayan kaciya, ga audugar wanke gyambo. Duk wannan a leda muke ƙullewa mu miƙa wa mai aboboya, ko yaro ya jefa a gwata. In ruwan sama ya sauko, ya kwaso ya dawo mana da shi ƙofar gida, inda jikokinmu ke wasa ba takalmi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti ba ta da haɗari. Kashi 15 ne abin tsoro. Namu na gida kaɗan ne, don haka ba zai gagare mu ba in mun ware shi tun daga ɗaki. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 a raye cikin busasshen jini. Wanda allurar wani ta soka, ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya nufi asibiti a ranar, domin maganin kariya daga HIV ana fara shi ne kafin awa 72 su cika.

Ga abin da muke son ku duba. Kowane gida mai allura ya samu kwalin nan rawaya na lita 5 da asibiti ke amfani da shi, ko galan mai kauri mai murfi. Kada a mayar wa allura hularta, a nan hannu ke sokuwa. In ya kai kashi uku cikin huɗu, a rufe.

Inda aikin yake shi ne ɗauka. Lungunanmu mota ba ta shiga, kun fi mu sani. Muna ganin a tsayar da wurin ajiya ɗaya a kowace unguwa, mai kulle, nesa da makarantar allo da masu sayar da koko. Wasu sun ce a ajiye a masallaci. Mu dai ba mu goyi baya ba. Daga nan mutum ɗaya mai babur da safar hannu mai kauri ya zagaya a rana sananniya, ya kai asibitin da za mu yi yarjejeniya da shi, su haɗa da tasu sharar zuwa inda ake turara ta da zafin digiri 121 ko a ƙona ta. Ƙonawa a bayan gida ba mafita ba ce: hayaƙin roba guba ne, allurar kuma tana nan cikin toka.

Audugar jini ba ta jiran zagayen mako a zafin nan, sai mun sake zama a kanta.

Abu biyu muke nema kafin a tashi: wanda zai riƙe makullin kowace unguwa, da yadda za a haɗa kuɗin mai da ladan mai babur. Takarda tana wurin matasa a bakin ƙofa.