Ya Isa Ko Bai Isa Ba? Jawabi Kan Wasu Kalmomin Turanci

Wannan jawabi wani malamin Turanci ne ya yi wa ɗaliban da suka gama ajin farko na yaƙi da jahilci, suka shiga aji na gaba. Akwai manoma da 'yan kasuwa da matan aure a cikinsu.

Bayan sallama, malamin ya ce kowa ya san awo. Idan aka zuba gero a mudu, ɗayan uku ne. Ko bai cika ba, ko ya cika daidai, ko ya tumbatsa har yana zuba. Ya ce Turanci yana da kalmar kowane ɗaya. Wanda ya rikita su yana iya yin asarar kuɗi, ko ya cutar da lafiyarsa.

Kalma ta farko ita ce "enough". Ana faɗinta "inaf". Haruffan g da h na ƙarshe sautin f suke bayarwa, kamar a kalmar "cough", wato tari. Ma'anarta abu ya isa. "Enough water" shi ne isasshen ruwa. "Enough food" shi ne isasshen abinci. Amma idan ana maganar girma ko tsawo ko shekaru, sai ta koma baya. "Big enough" yana nufin girmansa ya isa. "Old enough" yana nufin shekarunsa sun kai. A Nijeriya, wanda ya cika shekara 18 shi ne "old enough to vote", wato ya isa jefa ƙuri'a. Idan kuma yara suka dami mutum da surutu ya ce "Enough!", daidai yake da mu ce "Ya isa haka!"

Kalma ta biyu ita ce "sufficient". Ana faɗinta "safishant". Ma'anarta ɗaya da "enough", amma wurin zamansu ya bambanta. "Enough" ta gida ce da kasuwa, kuma tun asali ta Turanci ce. "Sufficient" baƙuwa ce, daga Latin ta fito ta biyo ta Faransanci. A shekarar 1066 Normandawa masu jin Faransanci suka ci ƙasar Ingila da yaƙi. Daga nan kalmomin Faransanci da yawa suka shiga fada da kotu. Malamin ya ce haka Hausa ta ari "alƙali" da "hujja" da "shari'a" daga Larabci. Shi ya sa an fi ganin "sufficient" a takardun banki da na kotu da na gwamnati.

A nan malamin ya daɗe. Ya rubuta "sufficient" a allo, sannan ya ƙara haruffa biyu a gabanta, i da n. Ta zama "insufficient". Ya ce waɗannan 'yan haruffa sun juya maganar gaba ɗaya. Yanzu ma'anarta bai isa ba.

Ya ba da misali da ranar kasuwa. Manomi ya sayar da buhun wake. Mai saye ya ce zai biya da kati a wurin mai POS. Na'ura ta fitar da 'yar takarda, da adadin kuɗin a jiki. Manomi ya ga lambobin sun yi daidai, sai ya sallama wake. Alhali a ƙasa an rubuta "Declined" da "Insufficient funds". Ma'ana banki ya ƙi biya, domin kuɗin da ke asusun mai saye ba su isa ba. Ko kwabo bai fita ba. Malamin ya ja kunnen ɗalibai kada su tsaya ga lambobi kawai. Su nemi kalmar "Approved" ko "Successful". Bayan haka ma, ya fi kyau su jira kuɗin su shiga hannu ko asusu kafin a ɗaga kaya.

Ya ƙara da cewa wani lokaci mutum yana da naira 5,000 a asusu, ya nemi cire 5,000 ɗin cif, sai na'ura ta ce "insufficient". Ba lallai ne an sace masa kuɗi ba. Akwai ladan cirewa da ake ɗorawa a kai, sai jimlar ta wuce abin da ke ciki. Ya rage adadin ya sake gwadawa kafin ya kama rigar mai POS. Haka kuma idan waya ta ce "insufficient balance", kati ne ya ƙare. Ga masu rubuta cek kuwa, tun shekarar 1977 akwai doka a Nijeriya da ta mai da bayar da cek na bogi laifi, kuma hukuncinsa ɗaurin shekara 2 ne.

Amma ya ce ba duk kalmar da ta fara da "in" ce ke juya ma'ana ba. "Income" kuɗin shiga ne. "Inside" kuma ciki ne.

Kalma ta uku ita ce "adequate", ana faɗinta "adikwet". Ma'anarta abu ya biya bukata, babu ragi babu rara. Malaman gona suna yawan amfani da ita. Idan takarda ta ce a sa takin yuriya lokacin da ƙasa ke da "adequate moisture", ana nufin akwai danshi daidai gwargwado. Kada ƙasa ta bushe ƙamas, kada kuma ruwa ya kwanta. Idan aka ce aikin mutum "adequate" ne, kada ya yi saurin murna. Ba yabo ba fallasa ke nan. Kishiyarta ita ce "inadequate".

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Allah gafarta malam, a asibiti na ji ana cewa 'plenty'. Ita ma isa ce?" Malamin ya ce madalla da wannan tambaya. "Plenty" ta zarce isa, ta kai wadata. Idan aka rubuta "Drink plenty of water", to a sha ruwa sosai. Amma inda aka faɗi awo, awon za a bi. Garin ORS da ake ba yaro mai gudawa, an rubuta yawan ruwan da za a dama shi a jikin ƙunshin, galibi lita 1. Idan ruwan ya gaza, gishiri zai yi wa yaro yawa.

Daga nan ya zo kan "too", wadda ya ce ta fi kowace rikita mutane. Da yawa suna ɗauka daidai take da "very", wato ƙwarai. Ba haka ba ne. "The tea is very hot" yana nufin shayi yana da zafi sosai, amma ana iya sha. "The tea is too hot" yana nufin zafin ya yi yawa, ba ya shayuwa. "Too late" shi ne an makara, lokaci ya wuce. "Too much" shi ne mudun da ya tumbatsa yana zuba. Gaskiya ne samarin birni suna ce wa aboki "You are too much" da nufin yabo. Wannan maganar titi ce. A bakin likita ko a jikin kwalba, "too much" gargaɗi ne. Sau da yawa kwalin magani yana ɗauke da "Do not exceed the stated dose". Ma'ana kada a wuce ƙa'idar da aka faɗa.

Wani dattijo ya tambaya yadda zai ce wa Bature ya ƙoshi. Malamin ya ce ya faɗi "I have had enough, thank you". Amma ya saki fuska, kuma kada ya manta da godiyar. In ya faɗe ta da ɗaure fuska, za a ɗauka cewa yake an ishe shi. Ɗalibai suka yi dariya.

A ƙarshe malamin ya ba da aikin gida. Kowa ya zo aji na gaba da tsohuwar takardar POS, ko kwalin magani, ko buhun taki da ya ƙare. Za a nemi waɗannan kalmomi a jikinsu, a ja musu layi da fensir.