Kada Ka Karanto Masa Lambar



Yau maganarmu kan kuɗin da ke cikin wayarku ce.

Waya za ta yi ƙara. Ka ɗauka, ka ji murya mai ladabi. Wai daga banki ne, wai za a rufe asusunka saboda matsalar BVN. Har cikakken sunanka mai kiran ya sani. Sai ya ce an turo maka wasu lambobi ta saƙo, ka karanto masa.

Malam, kada ka karanto. Hajiya, kada ki karanto. Lambar nan ta OTP ita ce izinin ƙarshe kafin kuɗi su fita. Banki ba ya tambayar ta ta waya, ba ya tambayar lambar sirrin katinka. Katse kiran, ka taka zuwa banki da ƙafarka.

Sai wajen mai POS. Danna lambarka da kanka, ka kare da tafin hannu. Kunya ba ta da gurbi a nan.

In kuwa waya ta ɓata, a toshe layi da asusu kafin a fara cigiya. Da layin kaɗai ɓarawo na iya kwashe kuɗin.

Allah ya tsare mana dukiyarmu. A huta lafiya.