Jawabin Naɗa Sabon Kocin Ƙungiyar Ƙwallon Matasan Mada

 

Mai girma uban ƙasa, Allah ya ja zamaninka. Iyayenmu malamai da dattawa, baƙinmu da suka taso daga Gusau da Tsafe da Bunguɗu, iyayen yara, da ku matasa da kuka cika filin nan, assalamu alaikum.

Mun taru ne mu miƙa usur da ragamar ƙungiyar nan ga ɗaya daga cikin 'ya'yanmu. Da yawanmu mun san shi tun yana buga ƙwallo babu takalmi a bayan firamare, lokacin da sanduna biyu ne raga, yaran da ke kallo kuma su ne ke tsinto ƙwallo daga gonar dawa. Kafin in miƙa masa, zan ba shi labarin wani ɗan Kaduna.

An haifi Daniel Amokachi a Kaduna a 1972, ya taso a ƙungiyar Ranchers Bees. Yana ɗan shekara 17 kocin Najeriya Clemens Westerhof ya tafi da shi gasar kofin Afirka ta 1990 a Aljeriya, daga nan sai Club Brugge ta Beljiyam. Manya a cikinmu ba su manta 1994 ba. Najeriya ta ɗauko kofin Afirka a Tunisiya, sannan a gasar kofin duniya a Amurka ya zura wa Bulgeriya ƙwallo, ya zura wa Girka. Ni a gindin rediyo na kwana a daren wasan Bulgeriya, mu shida a zaure, muna ta jujjuya eriya.

Wasan da nake so ka riƙe, Koci, shi ne na 1995. Yana Everton ta Ingila, ana wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA da Tottenham, shi kuma yana benci. Abokin wasansa Paul Rideout ya ji rauni, ana duba shi a gefen fili. Kafin koci Joe Royle ya yanke shawara, Amokachi ya riga ya shiga. Ya ci ƙwallo biyu, aka tashi 4 da 1, daga baya suka doke Manchester United suka ɗauki kofin. Zafin jini ke nan na matashin da ya san abin da ke ƙafarsa. A shekarar da ta biyo baya ya ci ƙwallon da ta farke wa Najeriya a wasan ƙarshe da Ajantina a gasar Olamfik ta Atlanta, aka dawo gida da lambar zinare.

Sai gwiwa ta ƙi. Yana Besiktas ta Turkiyya ciwon ya tsananta, bai kai shekara talatin ba tauraronsa a fili ya dushe. To, mutumin nan da ya kasa jiran umarni a benci, shi ne ya dawo ya zauna a benci shekara da shekaru. Ya horar da Nasarawa United a Lafiya. Ya yarda ya zama mataimakin kocin Najeriya a ƙarƙashin tsohon kyaftin ɗinsa Stephen Keshi, har suka ɗauko kofin Afirka na 2013 a Afirka ta Kudu. A 2016 ma har ƙasar Finlan ya je ya karɓi wata ƙaramar ƙungiya a birnin Oulu, cikin ƙanƙara. A wurina wannan rabi na biyu ya fi na farko nauyi, domin iya ƙwallo baiwa ce, koyar da ita kuwa sai da haƙuri.

Koci, ka buga, mun gani da idonmu. Daga yau ba ƙafarka za mu duba ba. Za ka ga yaro ya ɓarar da ƙwallon da kai da ido rufe za ka ci, ranka ya ɓaci. Kada ka zage shi a gaban jama'a. Ja shi gefe ka nuna masa inda zai dasa ƙafar hagu. Wanda ya tsallake makarantar boko ko ta allo don tirenin, kada ka sa shi a wasa, ko da shi ne gwaninka. In an kira sallah, usur ya tsaya. Kowa a nan ya san halin da yankinmu ke ciki, ya kuma san inda zaman banza ke kai matashi. Awa biyun da yaran nan za su yi a hannunka kowane yammaci amana ce.

Ku kuma matasa, kada wani ya ce zai kwaikwayi Amokachi ya afka fili babu izini. Ku kwaikwayi zamansa na baya.

Iyaye da 'yan kasuwar Mada, ƙwallo uku kacal ƙungiyar nan ke da su, ɗaya ma ɗinki ne ke riƙe da ita, kuma rabin yaran ba su da takalmi. Duk wanda Allah ya hore wa, ga ma'aji nan zaune a gefen rumfa.

Koci, taso ka karɓi usur. Allah ya taya ka riƙo, ya ba mu zaman lafiya, ya mai da baƙinmu gida lafiya. Atisaye zai fara ranar Asabar bayan sallar la'asar, a wannan fili.